Kubat Baike, Makaɗin da Ya Bar Gangunansa a Omsk

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi kowa zai koma, sai dai Kubatbek Orozaliev ya koma tun ba mu shirya ba, kuma kamar yadda ya saba, bai shawarci kowa ba. Ya rasu ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, da hantsi, a garin Kant, kusa da Bishkek, bai cika shekara hamsin ba. Shi ne makaɗin gangunan ƙungiyarmu ta kiɗan rok, Boz Tuman. Shi ne direbanmu, shi ne babban yayanmu, shi ya sa muke ce masa Kubat baike, wato yaya Kubat a harshenmu. Ni ce Meerim, mawaƙiyar ƙungiyar, wadda ta yi sama da shekara goma tana zaune a kujerar da ke kusa da tasa, daga Bishkek zuwa duk inda hanya ta kai mu.

An ce in rubuta wani abu mai sanyaya zuciya a kansa. Na gwada, abin ya ƙi. Haushinka nake ji, Kubat baike, kuma tunda yau ba ka da damar ƙara muryar rediyo ka danne maganata, sai ka saurara.

Mutane suna zaton yawon kiɗa a ƙasashen waje fitilu ne da tafi da manyan otal. Namu yawon, tsohuwar farar mota ce da mutum huɗu a ciki: kai, da ni, da Ermek mai jita, da Sasha mai jitar nan mai kaurin murya, wanda yake iya barci ko a kan lasifika. Mukan bi garuruwan Kazakhstan da Uzbekistan, mu haura biranen Rasha inda mutanenmu ke aikin gini da dako a kasuwa, mu yi musu kiɗa su yi ihu su manta gajiya. Sanyi ya ci mu, zafi ya gasa mu, mun ci taliyar gidan mai har ta fita daga ranmu. Duk wannan ban taɓa ƙorafi a kansa ba, sana'ar ce haka. Abin da ban yarda sana'ar ce ba shi ne saƙonninka.

Ban san yadda labari yake riga mu fita ba. Ranar da za mu tashi, kafin mu ɗora kayan kiɗa, sai mu tarar da tsofaffi a ƙofar gidanka, kowa da ƙunshinsa. Wannan buhun busasshen cuku za a kai wa ɗa a Novosibirsk, wannan tulun zuma na 'ya ne a Karaganda, wannan bargo, wannan keken ɗinki. Ba ka taɓa cewa a'a ba, ba ka kuma taɓa karɓar ko sisin kowa ba. Ni kuwa na ratsa ƙasashe da gwiwoyina a haɓa saboda an cusa kayan wani a ƙarƙashin ƙafata. In na ce, "Baike, wannan kuma na wa ne?" sai ka ce, "Na wata baiwar Allah ce." In na ce, "Sunanta fa?" sai ka ce, "Za ta kira." A Taraz, da tsakar rana, gorar nonon goɗiya da wata ta ba ka ta kumbura ta fashe a kan rigar da zan hau dandamali da ita. Na yi waƙa a ranar ina tsami, 'yan sahun gaba suna kallon juna. A kan iyaka kuwa, jami'an kwastan sukan buɗe bayan motar su tambaya, "Ku makaɗa ne ko fatake?" Sai a sauke komai a ƙasa, mu wuni a rana, kai kuma kana can gefe kana tambayar jami'in lafiyar mahaifiyarsa.

Ba zan ɓoye alherinka gare ni ba. A Karaganda muryata ta dishe ana gobe wasa, ka zagaya kasuwa ka samo kitsen wutsiyar tunkiya, ka narka shi a madara mai zafi, ka tsaya a kaina sai da na shanye ina zaginka a zuci. Washegari muryar ta dawo. A wani gari da ba zan ambata ba, mai gidan rawar ya ce yana son ganina ni kaɗai a ofishinsa, ka bi ni ciki ba a gayyace ka ba, ka zauna a kan teburinsa kana kaɗa sandunanka a gefen kofin shayinsa har ya manta abin da ya kira ni ya faɗa. Mahaifina bai taɓa son wannan sana'a tawa ba, amma in ya ji da kai za a tafi, yakan koma ya ci gaba da karanta jaridarsa.

Amma maganar Omsk ce nake so in yi, domin ita ce kai gaba ɗayanka.

A bazarar 2017 aka gayyace mu babban bikin kiɗa na Almaty, karo na farko. Ermek ne ya yi shekaru yana bin masu shirya shi, yana aika musu waƙoƙinmu suna yin biris, har suka gaji suka ba mu lokaci ranar Asabar da la'asar. An ce masu kamfanonin faifai za su zo. Ermek yana da mata da jariri a ɗakin haya, kuma ya yi wa matarsa alkawari: in wannan bai haifar da komai ba, zai ajiye jita ya tafi Koriya aikin masana'anta kamar ƙannenta. Duk mun san da wannan alkawari. Kai ma ka sani.

Ana saura 'yan kwanaki bikin, mun gama wasa a Omsk ta Rasha, da safe na sauko da jakata zan shiga mota, sai na tarar da gangunanka a ƙasa, jere a bakin titi. Kana ciki kana shimfiɗa katifa a gurbinsu. Wani magini mai suna Melis, wanda ya kalli wasanmu, yana tsaye yana murza hularsa. Ya kawo mahaifinsa, Baba Asankul, daga Kochkor, can ƙasarmu, don a yi masa magani, likitoci sun duba sun ce a mayar da shi gida kawai. Jikin ba zai ɗauki jirgi ba, shi kuma Melis in ya bar aiki an kore shi ke nan.

Na ce, "Baike, gangunanka fa?"

Ka ce, "Melis zai ajiye mini. A Almaty za a ba ni aro."

"Wa zai ba ka?"

"Wani."

Shawarar da ka yi da mu ke nan. Tsarin da ka yanke kai kaɗai shi ne, dattijon ya bi mu Almaty, ya huta a mota mu yi wasanmu, sannan mu wuce da shi gida.

Aka shigo da shi a bargo, bai fi nauyin yaro ba. Na ɗauka ko magana ba zai iya ba. Ba mu fita daga gari ba ya buɗe ido, ya ƙare wa gashin Ermek kallo, wanda ya sauko har gadon baya, ya ce, "Wannan 'yar wace ce, take da gemu?" Ya juyo kaina ya ce, "'Yata, ubanki ya san kina nan?" Da Sasha ya kunna masa waƙarmu don ya ji abin da muke yi, ya saurara kaɗan ya ce, "Kashe. Na ɗauka wani abu ne ya kwance a ƙarƙashin motar." Duk lokacin salla sai an tsaya. Duk inda ya hango hayaƙi sai an tsaya a nemo masa shayi, ya kurɓa ya ce ba a iya dafawa ba. Kai da kake tuƙi kamar an biyo ka, sai ga ka kana lallaɓa mota, kana zagaye kowane rami. In zai kewaya, kai kake goya shi ka kai shi bayan wani tudu, ka wanke shi, ka yi masa alwala, ka dawo da shi yana yi maka faɗa wai ka matse masa haƙarƙari. Ermek kuwa agogonsa kawai yake kallo.

Ranar Asabar da safe, mun wuce tafkin Balkhash, dattijon ya yi shiru. Shirun ne ya fara ba ni tsoro. Aka miƙa masa shayi ya kau da kai. Numfashinsa ya koma sama-sama, leɓɓansa suka canza launi. Can ya kira ka, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ɗana, ba na jin zan kai gobe. Kada ka bari in mutu a ƙasar mutane, a bayan gidan rawa. Duwatsun garinmu nake son gani."

A gaba kaɗan hanya ta rabu biyu, hagu Almaty, dama gida. Ba ka rage gudu ba, ba ka dubi kowa ba, ka karya kan mota dama.

Ermek ya daka tsawa, "Baike, hagu! Hagu ne hanyarmu!"

Ka ce, "Na sani."

"To tsaya! Wallahi ka tsaya ko in buɗe ƙofar nan in dira!"

Ka tsaya. Kuka fita ku biyu, a fili fetal, iska tana kaɗa ku. Ban taɓa ganin Ermek haka ba. Ya ce, "Shekara nawa ina rarrafe a gaban mutanen nan? Ka san abin da na gaya wa matata! Akwai asibiti a Almaty, mu kai shi can mana! Ɗan da ya haifa bai bar aikinsa saboda shi ba, sai mu ne za mu bar namu?"

Ka ce, "Ba asibiti ya roƙa ba."

"Ni fa? Ni ban roƙe ka komai ba?"

Ka dubi ƙasa. Sannan ka ce, "Ƙanena, ka yi gaskiya, ba ni da amsar da zan ba ka. Amma na ce wa ɗansa gida zan kai shi. Ga hanya nan, manyan motoci ba sa yankewa. Ɗauki jitarka."

Ya ɗauka. Muka bar shi tsaye a mararraba da jita a hannu, ina kallonsa ta madubi har ya ɓace. Na yi kuka a ranar, kuma ba na tausayin dattijo ba ne, na baƙin ciki ne. Ni ma Almaty nake so. Har yau ban ce Ermek ya yi kuskure ba, kuma na sha gaya maka haka a gaban idonka.

Ermek ya isa Almaty a bayan motar albasa, ya tarar an ba wasu lokacinmu. Ba a sake gayyatarmu ba. Ya cika alkawarinsa, ya tafi Koriya, ya yi shekaru a masana'antar robobi, ɗansa ya fara tafiya ya fara magana ba ya nan, kuma duk tsawon lokacin bai ɗaga wayarka ba ko sau ɗaya. Ranar da ya dawo, ba wanda ya aike ka, ka je filin jirgi ka tsaya. Ya fito ya gan ka ya ɗauke kai, ka karɓe akwatinsa ka yi gaba, dole ya biyo akwatinsa. Haka ya dawo cikinmu. Gangunanka kuwa, an canza wa Melis wurin aiki, aka bar su a wata rumfa dusar ƙanƙara ta sauka a kansu har suka ruɓe. Ka daɗe kana kiɗa da na aro.

Shi kuma Baba Asankul, mun isa da shi Kochkor rana tana shirin faɗuwa. 'Ya'yansa mata suka fito da kuka, maƙwabta suka fara taruwa, wani har ya tafi kiran liman. Ka ɗauko shi ka zaunar a ƙofar gida, ka juya fuskarsa wajen duwatsun. Ya daɗe yana kallonsu. Muna tsaye muna jiran abin da kowa ya sani. Sai ya ce, "Babu romo a gidan nan ne?" Ya sha kwano guda. Washegari ya nemi nonon goɗiya. Kafin kaka ta shigo an gan shi a kan doki yana zagin masu kiwon tumakinsa.

Yana nan da ransa har yau. Da ƙafarsa ya zo jana'izarka, yana dogara sanda, ya tsaya ya ce, "Yaron nan ba shi da ladabi. Ni ne a gaba, ya zo ya wuce ni." Sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa, aka rasa mai iya tashinsa.

Duk lokacin da muka tayar maka da maganar, muka ce ka kashe mana Almaty saboda mutumin da ya fi mu lafiya, amsarka ɗaya ce: "To da ya mutu za ku fi jin daɗi?" Abin da ke ba da haushi a jayayya da kai ke nan. Mutum yana da gaskiyarsa, amma kafin a gama sai ya ji kamar shi ne mugu.

Yanzu bari in zo kan wanda ya fi ci mini rai.

A farkon watan nan muka je Uzbekistan. A Samarkand, muna gwada na'urori da rana, na juya na gan ka zaune a bayan ganguna, ka dafe ƙirji, gumi yana zuba, alhali ba zafi ake yi ba. Na ce, "Baike, lafiya?" Ka ce, "Ƙwannafi ne. Dafa-dukar mutanen nan mai ya yi mata yawa." Ka yi wasan, ka buga kamar kana fushi da gangunan. A Tashkent abin ya dawo, har sai da ka jingina da mota. Na roƙe ka mu je asibiti, ga shi nan tsallaken titi, ka ce likitan ƙasar waje ba ya sanin jikin mutum. Sasha ya ce to ka bar masa tuƙi, ka ce Sasha yana taka burki kamar yana kashe kunama. Ermek ya ɗauke makullin motar ya ɓoye a aljihunsa, ya ce ba inda za mu sai likita ya gan ka. Ka sunkuya ka zaro wani daga cikin safarka, ka tayar da mota, ka leƙo ta taga ka ce, "Masu tafiya su shigo, mutane na jiran saƙonsu."

Sai bayan rasuwarka matarka Gulbara ta gaya mana cewa tun farkon bazara likita ya gargaɗe ka a kan zuciyarka, ya ce ka bar doguwar tafiya, ya rubuta maka magani. Ka hana ta faɗa mana. Maganin kuwa Sasha ya tsince shi a aljihun mota, ƙarƙashin tsofaffin sandunan kiɗa, ko buɗe shi ba ka yi ba. Kai da ka tsaya a kaina sai da na shanye kitsen tunkiya.

Ka kawo mu Bishkek da safiyar Talata. Ka sauke kowa a ƙofar gidansa. Ka ɗauki jakata ka hau da ita bene, ina ce maka ka ajiye, kana ce mini in rage surutu in adana murya. Na ce, "Daga nan gida za ka, ka ji ko? Gobe ni da kaina zan kai ka asibiti." Ka ce, "To, ranki ya daɗe." Gulbara ta ɗora miya a wuta tana jiranka. Amma akwai saƙo ɗaya da ya rage a mota, kankana biyu da mayafi, daga wani mai dafa abinci a Tashkent zuwa ga mahaifiyarsa a Kant. Kankana, baike. Abin da zai iya kwana har mako bai lalace ba. Ka wuce kan layin gidanka ka miƙe Kant.

Matar ta ce ka shigar mata da kayan har ɗaki. Ta zuba maka shayi, ka zauna kana ba ta labarin ɗanta, wai ya yi ƙiba, wai masu gidan abincin suna ji da shi, kada ta damu. Sai ka ajiye kofin ka ce, "Mama, bari in ɗan jingina." Ko sunanka ba ta sani ba. Ta ɗauki wayarka ta kira lambar da ta gani a sama, tawa ce. Ta ce, "'Yata, mai farar motar nan naku ne?"

Namu ne, Mama. Namu ne, duk da bai taɓa jin maganarmu ba.

Ranar jana'iza ina cikin tanti tare da mata, ina riƙe da hannun Gulbara. Daga waje muka ji liman yana tambayar maza, kamar yadda ake yi, wane irin mutum ne mamacin. Tsakar gidan ta cika har titi, yawancinsu ban taɓa ganinsu ba, suka amsa da murya ɗaya cewa mutumin kirki ne. Ni kuwa na ce a hankali, "Mai taurin kai ne." Ashe Gulbara ta ji. Ta matse hannuna, ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, muka rungume juna.

Ya Allah, ga bawanka Kubatbek ya zo gare Ka. Ka san shi fiye da yadda muka san shi. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sa wahalar da ya sha saboda bayinka ta zame masa hutu, Ka saukar da shi a Aljanna Firdausi tare da mutanen kirki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa, Mama Burul, wadda ta binne ɗan da ta sa ran shi zai binne ta. Allah Ya ba ta haƙurin da ya fi ƙarfinmu. Ina miƙa ta ga Gulbara, wadda ta yi rabin aurenta tana jiran ƙarar mota a ƙofar gida ba ta taɓa gajiya ba, da 'ya'yansa Aijan da Nurai. Allah Ya raya ku, Ya zame muku gata, kuma ku sani ƙofofinmu a buɗe suke gare ku muddin muna numfashi. Ga Ermek da Sasha, ba ni da abin da zan ce muku wanda ba ku sani ba. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Kai kuma, baike, liman ya ce duk mai riƙe da kai a zuciya ya yafe. Na yafe maka komai, duniya da lahira, da zuciya ɗaya. Saƙon nan na ƙarshe da ka kai Kant ne kawai, shi kam sai ka ɗan ba ni lokaci.